Hannun Baba Adamu da Na Saki

Wannan watan na Rajab ya cika shekara tara da rasuwar Baba Adamu. Sai da na ƙirga sau biyu kafin in rubuta, don kada in ƙara ko in rage. A lissafin watan Bature da sauran kamar wata uku, amma shi da watan sama yake lissafi, shi ya sa na bi nasa. Ni ba marubuci ba ne, iyakata aji shida a firamare a Fagge, kuma aikina a nan Dubai shi ne in haɗa wa 'yan kasuwar Kano kaya in aika musu. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne akwai wani abu da ya faru tsakanina da wannan tsoho wanda na riƙe a ciki duk tsawon shekarun nan. Saboda wannan abu ne ban sake raka wani mara lafiya asibiti ba. To ga shi yanzu abokina Bitrus, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki da ke zaune a unguwar Karama, za a yi masa aikin yanar ido, ya ce ni yake so in raka shi. Mako uku ina ce masa zan yi tunani.

Bari in fara faɗa muku wane ne Baba Adamu, don na san babu wanda ya san shi a cikin masu karanta wannan. Iyayensa mutanen ƙasar Kano ne da suka tashi zuwa hajji a ƙafa, irin tafiyar da. Guzuri ya ƙare musu a bakin Bahar Maliya, ta ɓangaren Sudan, suka zauna neman na jirgi, zaman ya zama na har abada. A can aka haife shi. Bai taɓa ganin Kano ba, amma Hausarsa ta fi tawa tsufa. Yana cewa "sule" da "taro", yana tambayata ko har yanzu ana rufe ƙofofin gari da magariba. Rabin maganarsa kuma Larabci ne. Daga baya ya bi jiragen katako masu dako har ya faɗo Dubai, ƙarfi ya ƙare, ya zama mai gadin wani sito a Ras Al Khor. A nan na san shi, don a siton nake tara kaya kafin a loda kwantena.

Sana'arsa ta ƙuruciya nutso ce. Suna fita tsibiran da ke cikin teku su yi watanni, suna nutsawa ƙasa suna ɓamɓaro abin da yake kira sadaf. Wani irin makankari ne na teku, faɗinsa ya fi tafin hannu, cikinsa yana ƙyalli. Da shi ake yin maɓallan riga na da, kuma a cikinsa ne, idan Allah ya so, ake tsintar lu'ulu'u. Ya ce min yawancin lokaci bawon kawai suke nema, lu'ulu'u kuwa sai a yi kaka guda ba a ga na kirki ba. Mutum zai matse hancinsa da wani ɗan matsi na ƙashi, ya taka dutse mai igiya ya kai shi ƙasa da sauri, ga kwando a wuya. Wata igiyar daban tana hannun abokin aikinsa a cikin jirgi. Idan numfashi ya kusa ƙarewa sai ya fizge ta, na sama ya janyo shi da iya ƙarfinsa. Babu tulun iska, babu gilashin ido. Abin da ya rage masa daga wannan aiki shi ne kunnuwa biyu da suka mutu, na dama gaba ɗaya, na hagu saura kaɗan, da idanu jajaye kullum kamar wanda ya sha hayaƙi.

Yana jin daɗin tsokanata. Ni mutum ne da zan kulle sito in yi tafiya har bakin titi, in dawo in taɓa kwaɗon, in sake tafiya, in sake dawowa. Yana zaune a kan kujerarsa ta roba yana kallona, sai ya ɗaga murya kamar yadda kurame ke yi.

"Usaini, Sarkin Zullumi! Kwaɗon ya gaishe ka. Ya ce yana nan lafiya, ka tafi gida."

Wata rana kuma ya ce da ni, da a jirginsu nake da ba za a bar ni in nutsa ba, don zan tsaya ina tambayar kifi ko ruwan yana da zurfi. Amma igiya, in ji shi, da ni zai ba. Na ji daɗin maganar a lokacin, har na maimaita wa mutane.

Sau da yawa yanzu ina tambayar kaina me zai ce da ya ga garin nan a yau. A kasuwannin Deira ana sayar da lu'ulu'u tsinke-tsinke, wanda ake kiwo a gona cikin ruwa a ƙasashen gabas, kuma ni kaina na sha aika shi Kano a kwali don masu ɗinkin kayan amare. Ina jin da zai ɗauki ɗaya ya goga a haƙorinsa, kamar yadda ya nuna min ake gwadawa, ya ajiye ya kawar da kai. Bara na kai wasu baƙi wani gidan tarihi a bakin rafi, muka ga an yi mutum-mutumin mai nutso da na mai riƙe igiya a cikin jirgi. Baƙina suna ɗaukar hoto, ni kuwa abin da na lura da shi shi ne mai igiyar an yi shi yana kallon masu shigowa, igiyar kuma ta yi sako-sako a hannunsa. Da Baba yana nan da ya tara mana jama'a. Ya sha faɗa min cewa mai igiya ba ya kallon komai sai ruwa, ba ya hira, ba ya susa, ko sallama aka yi masa ba ya amsawa sai mutuminsa ya fito. Na fita daga wurin da sauri na ce wa baƙin sanyin ɗakin ne ya dame ni.

Ga abin da ya faru. A shekararsa ta ƙarshe cikinsa ya fara kumbura, idonsa ya koma ɗorawa. Aka ce a je a yi hoton ciki, irin wanda ake shafa wa mutum mai a goga masa wani abu a ciki. Ba shi da kowa a nan, 'yarsa guda tana Sudan, don haka ni na raka shi. Likitar ta yi min bayani da Turanci da ɗan Larabci har na gane: za ta riƙa cewa ya riƙe numfashi, sannan ta ce ya saki. Na ce mata ba ya ji. Ta ce to in tsaya kusa da shi mu yi alama. Muka shirya da Baba, bakina a kunnensa na hagu: in na matsa hannunsa sau ɗaya ya riƙe, in na matsa sau biyu ya saki. Ya yi dariya har cikin ya motsa.

"To yau igiyar tana hannunka, Sarki. A teku ni nake ja, yau kai ne mai ja kai ne mai janyowa."

Ya kwanta ya rufe ido. Muka yi sau uku lafiya. A na huɗu, na matsa sau ɗaya, ya riƙe, sai wayata ta fara ƙara a aljihu. Na manta ban kashe mata murya ba. Kunya ta kama ni, na ga ina damun likita a kan aikinta, na saki hannunsa don in kashe. Da na ciro sai na ga direban da ke ɗauke da kayan mutane ne, kuma na san bai san hanyar siton ba. Na ce bari in ce masa kalma ɗaya kawai, zan kira ka. Na matsa bakin ƙofa don kada in yi surutu a kan mara lafiya. Direban ya ce yana gefen titi 'yan sanda za su kore shi, hagu zai yi ko dama? Na tsaya ina yi masa kwatance.

Ban san tsawon lokacin ba, kuma ba zan ƙirƙira ba. Abin da na sani shi ne na ji muryar likitar ta canza. Ta ce ya saki, bai ji ba. Ta ɗaga murya, ta taɓa kafaɗarsa, ta girgiza shi. Idonsa a rufe, leɓensa ya yi duhu, jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma bai saki ba. Na jefar da wayar na kama hannunsa na matsa sau biyu. Numfashin ya fito da tari mai ƙarfi, ɗan jini ya biyo ta hanci. Aka kawo masa iskar asibiti aka sa masa. Da ya dawo daidai likitar ta sa na tambaye shi me ya sa bai yi numfashi ba tunda ya ji wuya. Ya kalle ni da jajayen idanun nan.

"Ba ka ce in fito ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. 

Bayan kwana goma aka ce a sake hoton, tunda na farko bai kammalu ba. A lokacin ni da Bitrus ɗaki ɗaya muke haya a Muraqqabat, sai na roƙe shi ya bar aikinsa ya zo ya riƙe hannun, ni in tsaya a waje. Bitrus mutum ne mai natsuwa, kuma Baba yana son sa, yana kiran sa Ɗan Fasto. Muka shiga mu uku, da nufin in nuna wa Bitrus alamar sannan in fita. Bitrus ya miƙa hannu, Baba ya ture shi a hankali. Ya miƙo min nasa, bai kalle ni ba, ya bar shi a miƙe a iska har sai da na kama. Na riƙe, gumi yana zuba min a cikin wannan sanyi. Aka gama lafiya. Ranar ba wasa, ba Sarkin Zullumi.

Ni yadda na fahimci abin shi ne horo yake yi min. Na ɗauka yana so in tsaya a wurin da na yi laifi in ji kunyata a gaban Bitrus, kuma na ga ya yi daidai. Sau biyu bayan haka na je na durƙusa kusa da kunnensa na hagu na ce, Baba ka yafe min. Na farko ya ce in miƙo masa buta. Na biyu ya ce me ya sa nake yi masa ihu a kunne kamar ladani. Mako bakwai da hoton farko ya rasu, da hantsi, a gadon asibiti. Muka yi masa sutura mu kamar goma sha biyu, yawanci 'yan lodi da direbobi.

Likita ta ce min ciwon hanta ne, ya riga ya yi nisa tun kafin mu zo, riƙe numfashi ba shi da hannu a ciki. Limamin masallacinmu ya ce ajali ba ya gaba ba ya baya. Na yarda da su duka biyun, ban ƙaryata kowa ba. Amma ba tambayata suka amsa ba. Ko da abin bai rage masa kwana ɗaya ba, mutum ya ba ni numfashinsa na ajiye na tafi yi wa direba kwatance. Kuma ya tafi bai ce ya yafe ba. Na yi masa sadaka, na sa an yi masa sauka, na yi umara da niyyarsa. Daga ranar kuma, duk wanda ya ce in raka shi asibiti sai in nemo masa tasi in nemo masa wani. Mutane suka ɗauka tsoron allura nake yi, na bar su a haka.

A watan jiya wata dattijuwa ta zo shagon da nake zama da la'asar, tana tambayar Usaini na Kano. Sunanta Halima, 'yar Baba Adamu. Yaƙin da ake yi a Sudan ya taso ta, ta zo wurin ɗanta da ke aiki a garin Sharja, nan kusa da Dubai, ta ce ba za ta zauna a ƙasar nan ba ta ga mutanen da suka binne ubanta ba. Ta girme ni, don haka Yaya nake ce mata. Hausarta irin tasa ce sak, har gabana ya faɗi da ta yi sallama. Na aika aka kawo mata shayi. Ta yi ta godiya, tana cewa an faɗa mata ni na tsaya masa. Kowace godiya sai in ji kamar ana ɗora min dutse. Na ga idan na bar ta ta tafi a haka na ci amana sau biyu. Na faɗa mata komai, har kwatancen direba, har ranar da ya ture hannun Bitrus.

Ta ajiye kofin. Na zaci kuka za ta yi, ko ta tashi ta fita.

"Ya ture na wancan ya ba ka?"

"Haka aka yi, Yaya."

"Kai ka roƙa, ko shi ya miƙo?"

"Shi ya miƙo."

"To khalas, magana ta ƙare, me kake nema kuma? Shekara tara kana ɗauke da wannan? Wallahi ya yi gaskiya da ya ce min akwai wani Bakano a nan da zai iya damuwa da inuwarsa."

Sannan ta ba ni labarin da shi bai taɓa ba ni ba, duk yawan labaransa. Kafin ya fara nutso, igiya yake riƙe wa yayansa Isa. Ba yaro ba ne a lokacin, har ya fara gemu. Wata rana Isa yana ƙasa sai babban jirgin alhazai ya gitta daga nesa ya nufi Jidda, jirgin da iyayensu suka mutu suna jiran shiga. Adamu ya ɗaga kai yana kallo. Isa ya fizgi igiya, ya sake fizga, babu amsa. Sai da wani da ke kusa da shi ya gani ya kai masa duka suka janyo tare. Isa ya fito jini yana zuba ta kunne da hanci, ya yini bai san inda yake ba. Da ya warke zai koma ruwa, mai jirgin ya ce a ba wani igiyar. Isa ya ɗauke ta da kansa, ya ratsa mutane, ya sa a hannun ƙanensa, ya faɗa ruwa.

Ta ce haka al'adarsu take a jirgi, kuma duk matan masu nutso sun san ta. Ba a cewa na yafe da baki, don baki yana iya faɗa zuciya ba ta kai ba, kuma gobe mutum zai sake sauka ƙasan teku. Idan mai nutso ya nemi a canza masa mai igiya, to magana ta ƙare tsakaninsu, ko a biki ba za su ci abinci kwano ɗaya ba. Idan kuwa ya sake ba ka, ya yafe, kuma abin kunya ne ka zo kana tambaya bayan haka, kamar kana cewa ba ka yarda da shi ba. Ta ƙara da cewa tsofaffinsu sun fi son mai igiyar da ya taɓa kuskure sau ɗaya, don wanda bai taɓa ba yana ganin ba zai taɓa ba.

Na tuna buta, na tuna ladani. Ashe ba ƙin amsa min yake yi ba, kunyar tambayar yake kawar min. Ni kuma da na kawo Bitrus, ban sani ba, ni ne na nemi a canza mai igiya. Shi ya ƙi.

Ba zan ce muku na tashi daga wurin wasai ba, don ba haka nake ba. Da ta tafi sai na fara tunanin ko ta faɗa ne don ta kwantar min da hankali. Na bi labarin ta kowane gefe ina neman inda ya yage, ban samu ba. Ba ta san ni ba balle ta shirya min ƙarya, kuma tambayar da ta fara yi, ko ni na roƙa ko shi ya miƙo, tambayar wanda ya san ƙa'idar abu ce. Har yanzu da zan samu, da na so in ji kalmar da kunnena, irin yadda muka saba a gida. Amma ba a Fagge ya tashi ba. Ya ba ni abin da yake da shi, ta hanyar da ya gada, ni ne ban iya karɓa ba.

Idan aka tambaye ni abin da ya rage na Baba Adamu, ba shi da yawa. Siton an rushe shi an gina babba. Kujerar roba ban san inda ta shiga ba. Kabarinsa ba zan iya nuna shi daidai ba, sai dai in nuna layin. Sana'arsa ta mutu tun kafin shi, maɓallan riga yanzu na roba ne. Akwai Halima, akwai jikoki da ba su jin Hausa sosai. Sai kuma wannan abu guda da ya koya daga yayansa a kan ruwa, ya ɗauko shi shekara sittin ko fiye, ya yi min shi a ɗakin hoton ciki ba tare da ya yi bayani ba: cewa mutumin da ya sake ka sau ɗaya ana iya sake ba shi hannu. Ina ganin a garin nan da kowa ke sauri, kowa ke canza abokin hulɗa a kan kuskure guda, da wuya a sami mai yin haka. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan yayansa Isa da iyayensu da ba su kai Makka ba, ya karɓi niyyarsu.

Shekaranjiya na hau jirgin ƙasa zuwa Karama na sami Bitrus a bakin shagonsu, yana kallona da ido ɗaya mai kyau. Na ce masa zan raka shi.

"Malam, ka tabbata? Kada mu je can ka ce ka bar murhu a kunne."

Na ce na tabbata. Ya ce dama bai nemi kowa ba, don ya san a ƙarshe zan zo, kuma a duk Dubai babu wanda zai karanta takardar magani sau biyar sai ni. Ranar Talata da ƙarfe tara za a shiga da shi. Tun da na amsa tsoro bai sake ni ba. Na daina jiran ranar da tsoron zai tafi. Zan je da shi a haka, in zauna inda aka ce in zauna, har a fito da Bitrus.